Tambayoyi da amsoshi kan zubar da ruwan lagireto da sake cika shi da kanka

Waɗannan su ne tambayoyin da masu mota suka fi yi idan maganar ruwan lagireto ta taso, na tattaro su wuri guda. Aikin kansa ba wani abin tsoro ba ne, kwance maƙunshi ne da zuba ruwa, inda mutane ke kashe injinsu wuri biyu ne: irin ruwan da suka zuba, da iskar da suka bari a ciki bayan sun gama.

Wai dole ne sai an canza ruwan lagireto? Ni dai in ya ragu ƙarawa nake yi kuma mota tana tafiya.

Tana tafiya kam, amma ba ka ganin abin da ke faruwa a ciki. Ruwan nan mai kala da ake kira kulan ba ruwa ba ne zalla, haɗi ne na ruwa da wani sinadari mai suna etilin gilaikol, sannan da wasu magunguna ƴan kaɗan da aikinsu shi ne hana tsatsa da hana ƙarfe da alminiyam cinyewa. Shi gilaikol ɗin yana daɗewa, magungunan hana tsatsar su ne ke ƙarewa a hankali, kuma da zarar sun ƙare ruwan sai ya fara cin abin da aka saka shi ya kare, ya ci fuka-fukan famfon ruwa, ya ci cikin lagireton, ya ci ƙaramin lagireton hita da ke bayan dashbod wanda ciro shi kaɗai aikin yini ne a wasu motocin. Ƙari ba ya fitar da dattin da ya kwanta, sai dai ya ɗan surka shi.

To bayan wane lokaci ake canzawa?

Ya danganta da irin kulan ɗin. Tsohon samfuri da ake kira IAT, wanda galibi kore ne, kusan duk shekara 2 ake canza shi. Na zamani irin OAT da HOAT suna kai shekara 5. Toyota ma ta ce nata mai ruwan hoda, Super Long Life, zubin farko na kamfani yana kai kilomita 160,000, daga nan kuma duk 80,000. Littafin motarka shi ne alƙali. In kuwa mota ce ta hannu da ba ka san me mai ita na baya ya zuba ba, kar ka tsaya lissafi, canza kawai ka fara ƙirga daga ranar. Haka in ka leƙa ka ga ruwan ya koma kalar ƙasa ko akwai ɓarɓashi yana yawo.

Ni ina wurin da ba a ƙanƙara, me zan yi da kulan? Ba ruwan famfo ya isa ba?

Wannan ita ce tambayar da ta fi kowacce yawa kuma na gane dalilin, tunda a jikin galan ɗin ana rubuta cewa maganin daskarewa ne. Gaskiya ne haɗin rabi da rabi ba ya daskarewa sai sanyi ya kai wajen digiri 37 ƙasa da sifili, kuma kai wannan bai dame ka ba. Amma ai ba shi kenan aikinsa ba. Ruwa zalla yana tafasa a digiri 100, haɗin rabi da rabi sai wajen 107, in aka haɗa da matsin da marfin lagireto ke riƙewa sai ya haura 125. Injin mota kuwa a lafiyarsa yana aiki ne tsakanin digiri 90 zuwa 105, ka ga mai ruwa zalla tazararsa da tafasa ba ta kai ta mai kulan ba.

Sai kuma babbar matsalar, ruwan famfo ko na rijiya yana ɗauke da ma'adinai, irin farin abin nan da ke mannewa a gindin butar da ake yawan dafa ruwa a ciki, to shi ne yake taruwa a siraran bututun lagireto har ya toshe su, ga tsatsa a kai. Motar da ta shekara biyu uku tana shan ruwan famfo in ka kwance tiyon ƙasa abin da zai fito kamar ba daga mota ba. In a hanya ne ka maƙale babu komai sai ruwan sha, zuba ka isa gida, babu laifi, amma kar ya zama shi ne abincinta.

Kada kuma a ce tunda kulan na da kyau bari a zuba shi tsantsa babu surki. Ruwa ya fi gilaikol iya ɗaukar zafi, in gilaikol ya wuce kashi 70 cikin 100 na haɗin sanyayawar raguwa take yi. Duba galan ɗin da kyau, wani an riga an surka, za ka ga 50/50 a jiki, wannan zubawa kawai za ka yi. Wani kuma tsantsa ne, kai za ka surka da tataccen ruwa, wato irin wanda ake ƙara wa batir. Ka tabbata tataccen ruwan ne fa ba asid ɗin batir ba, don wani lokaci kwalaben nasu suna kama.

Nawa ja ne, na samu kore, zan iya haɗawa?

Kala rini ce kawai da kamfani ya zaɓa, babu wata doka da ta ce kore kaza ne ja kaza ne. Dex-Cool na General Motors ruwan lemo ne, na Honda shuɗi, na Volkswagen irin su G12 da G13 ruwan hoda zuwa shunayya, kuma za ka iya samun kulan biyu masu kala ɗaya sinadarinsu daban. Abin dubawa shi ne rubutun bayan galan, ya dace da abin da littafin motarka ya ce ko bai dace ba. Haɗa iri biyu mafi ƙarancin ɓarnarsa shi ne ya rage ƙarfin maganin tsatsar, wani haɗin kuma yana iya yin kauri ya zama laka-laka. In za ka sauya iri, wanke tsohon tas tukuna.

Me da me nake buƙata?

Faffaɗan mazubi da zai shiga ƙarƙashin mota ya ɗauki kamar lita 10, mazurari, filaya, sukudireba, safar hannu, tsumma, kulan, da tataccen ruwa mai ɗan yawa in za ka yi ɗauraya. Yawancin ƙananan motoci tsakanin lita 5 zuwa 8 suke ci gaba ɗaya. In sai ka ɗaga motar kafin hannunka ya kai, kar ka shiga ƙarƙashinta tana kan jak kaɗai, sa mata ƙafar ƙarfe ta tokare.

Yaya ake zubar da tsohon?

Abu na farko, inji ya huce, hucewa ta gaske, wadda za ka kama tiyon sama da hannu ka matse ka ji shi da sanyi da laushi. Mafi sauƙi ka yi aikin da safe kafin a tada motar. Ruwan da ke ciki lokacin da inji ke da zafi yana iya haura digiri 100 bai tafasa ba saboda matsi ne ya danne shi, kana buɗe marfi matsin ya tafi sai ya tafasa nan take ya yi tsiri zuwa fuskarka, mutane da yawa sun ƙone ta haka. Ajiye motar a wuri mai daidai, ja birkin hannu, cire makulli, don fankar wasu motocin tana iya tashi da kanta ko inji a kashe.

Ɗora tsumma kan marfin ka murɗa a hankali zuwa tsayawar farko, in ka ji tsss dakata ya gama, sannan ka danna ka ƙarasa. Wasu motocin ba su da marfi a kan lagireton sam, marfin tankin roba na gefe shi ne mai matsin, to shi za ka buɗe.

Leƙa ƙasan lagireto ta ɓangaren inji, a ɗaya daga kusurwoyin akwai ɗan maƙunshi, galibi na roba ne mai kunne biyu, wani kuma sai da sukudireba. Sa mazubinka, murɗa a hankali. Roba ce da ta sha zafi shekara da shekaru, in ta ƙi kar ka sa mata ƙarfin filaya don karyewa take yi ta bar rabinta a ciki, ka shiga wani aikin da ba ka shirya ba. Gara ka ƙyale ta ka koma kan tiyon ƙasa, matse kilif ɗin da filaya ka ja shi baya, murza tiyon hagu da dama har ya saki sannan ka zare. Ta nan ruwan da ƙarfi yake zubowa lokaci guda, ka kawar da fuska. Kar ka cusa sukudireba tsakanin tiyo da bakin lagireto kana ɓanɓara, bakin a motocin yanzu roba ne, tsagewa yake yi.

Tankin gefen shi ma a zubar da na cikinsa a ɗauraye, a yawancin motoci zare shi ba wuya. In ya gama tsiyaya mayar da maƙunshin da hannu, ɗauri daidai ba na mugunta ba.

Littafi ya ce lita 7, ni kuma abin da ya fito bai fi 4 ba. Ina sauran?

Yana cikin jikin injin da lagireton hita da tiyoyi. Maƙunshin lagireto ba ya fitar da duka, wani lokaci kusan rabi ne ke zama. Wasu injina suna da nasu noti na zubarwa a gefen bulok, amma isa gare shi wahala ne kuma sau da yawa ya ci tsatsa. Abin da ya fi sauƙi a gida shi ne ɗauraya: rufe, cika da tataccen ruwa, tada mota ta yi zafi har tamostat, wato ɗan abin da ke tare ruwa daga zuwa lagireto sai inji ya yi zafi, ya buɗe ruwan ya zagaya, kashe, jira ta huce, zubar, maimaita har abin da ke fitowa ya yi haske. Jiran hucewar ne ke cin lokaci, shi ya sa nake cewa kar ka fara aikin nan da la'asar.

Ga wani lissafi da ake mantawa. Bayan ɗauraya abin da ya rage a cikin inji ruwa ne zalla, in ka zuba wanda aka riga aka surka a kai haɗin zai yi tsinkakke, bai kai rabi da rabi ba. Saboda haka bayan ɗauraya tsantsa ya fi dacewa, in motar lita 7 take ci ka fara zuba lita 3 da rabi na tsantsa, sannan ka ƙarasa da tataccen ruwa.

Maganin wanke lagireto da ake sayarwa fa?

In ruwan ya fito da tsabtarsa ba ka buƙata. In ya fito da tsatsa yana taimakawa, ka bi umarnin jikin kwalbar sannan ka ɗauraye sosai. Sai dai ka sani a tsohuwar mota wani lokacin dattin ne ya toshe ƴar ƙaramar ɓula, kana wankewa yoyo ya bayyana. Ba maganin ne ya fasa ba, dama a fashe take.

Na cika, na rufe, amma allura tana hawa tana sauka kuma hita ba ta kawo zafi.

Iska ce ta maƙale, kuma nan ne aikin yake. Lokacin da ka zubar da ruwa iska ta maye gurbinsa, in ka zuba sabo da sauri sai ta taru a wurare masu tudu, saman inji da lagireton hita. Inda iska take ruwa ba ya taɓa ƙarfen wurin, sai wurin ya yi zafi fiye da kima, wani sa'in ma allura ba za ta nuna ba saboda na'urar da ke auna zafin ita ma a cikin iskar take zaune ba a ruwa ba. Mutum ya yi sabis don ya kare injinsa, ya ƙare da ƙona gasket, wato shimfiɗar da ke tsakanin kan inji da jikinsa.

Yadda ake yi, zuba a hankali ƙwarai, kana tsayawa kana matsa tiyon sama da na ƙasa kamar kana tatsa, za ka ga kumfa na fitowa. In injinka na da ɗan noti na fitar da iska, galibi kusa da gidan tamostat ko a kan tiyon sama, sassauta shi tun kafin ka fara zubawa, ka bar shi sai ruwa ya fito sambal babu tofi sannan ka ɗaure. Gaban motar ya ɗan fi bayanta tudu yana taimakawa sosai, don bakin lagireto ya zama shi ne wuri mafi sama. Murɗa hita zuwa ƙarshen zafi, fankarta a ƙasa, AC a kashe. Tada inji marfi a buɗe, bar shi a sulo, kana kallon allura kana kallon ruwan. Zai ɗau kamar minti 10 zuwa 20, sai ka ji tiyon sama ya ɗau zafi kuma ruwan ya faɗa ƙasa lokaci guda, tamostat ne ya buɗe, ƙara. Ci gaba har kumfa ta daina, fanka ta tashi ta tsaya, hita kuma tana hura zafi sosai. In ruwan ya fara ambaliya kafin nan, kashe ka rufe. Cika tankin gefe zuwa layin sama, kar ka wuce, ruwan yana buƙatar wurin kumbura.

Washegari da safe kafin ka tada ka sake dubawa, kusan kullum za ka tarar ya ɗan sauka, ƙara. Yi haka kwana biyu uku. Akwai motocin da hanyar ruwansu ke da murɗiya sosai, wasu BMW ma famfon ruwansu na lantarki ne kuma akwai tsarin da ake bi a sa shi ya fitar da iskar da kansa, irin waɗannan ka nemi tsarin motarka takamaimai ko ka kai wa mai na'urar zuƙe iska.

Tsohon ruwan a ina zan zubar?

Ba a ƙasa ba, ba a kwata ba. Etilin gilaikol guba ne mai lalata ƙoda, kuma abin haushin yana da ɗan zaƙi, kare da kyanwa suna lasa, yaro ma zai iya sha, kaɗan ya isa ya kashe kyanwa. Juye a jarka mai marfi, rubuta a jiki, kai garejin da ke karɓa ko wurin tara sharar sinadarai. Kar ka taɓa zuba shi a kwalbar abin sha ko na minti biyar ne. Wanda ya zube a ƙasa a goge a wanke. In wani ya sha, asibiti kai tsaye ko da yana cewa lafiyarsa ƙalau, don alamun sukan yi jinkiri.

Na canza ruwa, na fitar da iska, har yanzu tana zafi.

To ba ruwan ba ne. Lura da lokacin da take yi. In a cunkoso ne ko a tsaye amma da ka hau titi ta sauka, fanka ce, duba fis da rile da ɗan injin da ke juya fankar. In a gudu ne ko hawan tudu, zargi lagireto da ya toshe ta ciki, ko gabansa ya cika da ƙura da ƙwari tsakaninsa da kwandensar AC, wanke da ruwa marar ƙarfi don fuka-fukansa lanƙwashewa suke yi. In tana zafi cikin ƴan mintuna da tayarwa kuma lagireton da sanyinsa, tamostat ya maƙale a rufe ko famfon ruwa ba ya turawa. Famfon da ya kusa mutuwa yakan yi ƙara ko ya riƙa ɗiga ta wata ƴar huda da ke ƙasansa, za ka ga busasshen kulan ya yi layi a wurin.

Makanike ya ce a cire tamostat a yar, wai na ƙasashen sanyi ne.

Ban yarda da wannan ba, kuma na san makanikai da yawa za su yi min gardama. Tamostat yana buɗewa ne wajen digiri 82 zuwa 90 gwargwadon mota, aikinsa inji ya kai zafin aikinsa da wuri ya kuma tsaya a nan. In babu shi inji yana daɗewa da sanyi, kwamfutar motar tana ganin sanyi sai ta ci gaba da ba da mai da yawa, ka sha mai, fulogi su yi baƙi, baƙin mai ya yi saurin lalacewa. A wasu injinan ma tamostat ɗin shi ke rufe wata gajeriyar hanya idan ya buɗe, in aka cire shi wani kason ruwan zai riƙa zagaye a cikin inji bai je lagireto ba. In ya lalace a sa sabo. Gwada shi ba wuya, jefa a tukunyar ruwa a kan wuta, kafin ruwan ya tafasa ya kamata ka ga ya buɗe.

Marfi ma yana lalacewa?

Sosai, kuma shi ne abin da aka fi rainawa. Akwai sifirin da roba a cikinsa da ke riƙe matsi, lambar tana rubuce a kai, 0.9 ko 1.1 galibi. In robar ta tsage ruwa zai riƙa tafasa da wuri yana gudu zuwa tankin gefe yana zuba. Sayi mai lamba ɗaya da na asali.

Ruwa na raguwa kullum amma ban ga yoyo a ƙasa ba.

Wani yoyon a kan inji mai zafi yake ɗiga ya bushe kafin ya kai ƙasa, nemi farin ko jan busasshen tabo a bakin tiyoyi da inda robar lagireto ta haɗu da alminiyam. Taɓa kafet ɗin gaba, in da danshi da wani ƙamshi mai zaƙi-zaƙi kuma gilashi na yin hazo, lagireton hita ne. In duk babu, sai a fara tunanin gasket ɗin kan inji: farin hayaƙi mai kauri a salansa bayan mota ta yi zafi, baƙin mai ya koma kalar madara, kumfa ba ta ƙarewa a lagireto, tiyon sama ya yi tauri tun inji bai yi zafi ba. Wannan ya wuce aikin gida. Masu mota otomatik kuma su duba man giya, don a motoci da yawa bututun sanyaya shi ta cikin lagireto ya bi, in ya fashe ruwa da man giya suna haɗewa, kuma giyar ba ta jure wannan ko kaɗan.

Maganin toshe yoyo da ake zubawa a ciki, na fita kunya ne a hanya. Yadda yake toshe ɓula haka yake iya toshe siraran hanyoyin hita.

In ta yi zafi ina tsakiyar tafiya me zan yi?

Kashe AC, kunna hita zuwa ƙarshe ko da za ka jiƙe da gumi, tana janye zafi daga inji. Nemi wuri ka tsaya. In allura ta shiga ja ko tururi na fita, kashe inji nan take, kar ka ce bari in ƙarasa ai saura kaɗan, kan silinda na alminiyam lanƙwashewa yake yi. Jira aƙalla rabin awa kafin ka taɓa marfi, kuma kar ka kwara ruwan sanyi a kan inji ko a cikinsa yana tsananin zafi.

Tunda na buɗe bonet, me kuma ya kamata in duba?

Matsa tiyoyi, wanda ya kumbura ko ya yi laushi kamar soso ko ya bushe yana tsagewa a canza shi yanzu da ruwa yake a zube, kar ka cika sannan ka dawo. Duba bel ko ya tsattsage. Zaro sandar baƙin mai ka goge ka mayar ka sake zarowa, ya kasance tsakanin alamomin biyu. Man birki yana shan danshin iska, shi ya sa kamfanoni da yawa ke cewa a canza duk shekara 2, kuma lambar DOT da aka rubuta a marfinsa, wadda ke nuna irin man, ita za ka saya. Kan batir in ya yi farin gari a goge. In injinka mai bel ɗin taimin ne kuma shi ke juya famfon ruwa, ranar da za a canza bel ɗin a canza famfon tare, aikin kwancewar ɗaya ne.

Motata haibirid ce, mai aiki da mai da lantarki, duk ɗaya ne?

Ba ɗaya ba. Irin su Prius suna da hanyar ruwa biyu, ɗaya ta inji ɗaya ta inbata, wato na'urar da ke sarrafa wutar batir, kowacce da tankinta, kuma ta inbatar famfon lantarki ne ke juya ta. Injin ma ba ya zama a sulo yadda kake so sai an sa motar a yanayin gyara, in ba haka ba zai riƙa mutuwa da kansa kafin tamostat ya buɗe. Wayoyin nan masu kalar lemo na babban lantarki ne, kar hannunka ko sifana su je kusa da su.